Baba mai shekara 78 da kumburin babbar jijiyar ciki: a yi aikin ko a bar shi?

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana da shekara 78, muna zaune a Gwale. An kai shi hoton ciki saboda matsalar fitsari, sai aka ce an ga babbar jijiyar jinin cikinsa ta kumbura, faɗinta santimita 6.2. Yana da hawan jini, ya kuma daɗe yana shan taba kafin ya daina. Shi dai ba ya jin ciwon komai, da ƙafarsa yake zuwa masallaci. 'Yan'uwana maza sun rabu biyu: wasu na cewa a haɗa kuɗi a fita da shi Indiya, wasu na cewa tsoho ne, kada a sa masa wuƙa. Ni ce ke kula da magungunansa. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi. Hajiya, kowane ɓangare a gidanku ya riƙo wani yanki na gaskiya, amma ba su riƙo inda ya fi nauyi ba. Masu cewa tsoho ne shekara suke ƙirgawa, masu cewa Indiya kuma kuɗin jirgi da na asibiti suke lissafawa. Mu da ke shiga ɗakin tiyata abu uku muke dubawa: ƙarfin zuciya da huhu da ƙoda, siffar kumburin, da kuma wanda zai ci gaba da duba mutum bayan an gama aikin. Hukuncin ƙarshe na Baba ne da likitan da zai ɗora hannu a cikinsa. Ni ma'auni zan ba ki, wanda za ki shiga da shi gaban likitan.

Jijiyar da ake magana ita ce uwar jijiyoyin jini, likitoci na ce mata awota. Daga zuciya take fitowa, ta lanƙwaso ta bi ƙirji, ta sauko ciki tana jingine da ƙashin baya, ta ba hanta da hanji da ƙoda rabonsu na jini, sannan daidai saitin cibiya ta rabu biyu, kowane reshe ya nufi ƙafa ɗaya. A lafiyayyen mutum faɗinta wajen santimita 2 ne. Idan ya kai 3 sai a ce ta kumbura, kuma mafi yawan kumburin a ƙasan inda jijiyoyin ƙoda suka fita yake tsirowa. Duk wanda ya taɓa zama wajen mai faci ya ga tayar da gefenta ya yi ƙululu: wurin ya yi laushi, iska na turo shi waje, kuma yadda yake ƙara girma haka yake ƙara rauni. Haka bangon jijiyar yake. Tsufa ne ke cinye ƙwarinsa, taba ta hanzarta, hawan jini ya riƙa dukansa dare da rana. Ya fi kama maza nesa ba kusa ba, kuma yana bin jini a dangi. Ba ya komawa da kansa, babu kuma ƙwaya ko jiƙon da aka tabbatar yana mayar da shi.

Abin da ke rikita iyali shi ne tiyatar da muka saba gani ana yi wa mai murƙususu ne: hanji ya ƙulle, gwaiwa ta maƙale, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Nan kowa ya ga dalili. Baba kuwa garau yake, sai a ce za a kwantar da shi a yi masa babban aiki, wanda idan ya yi kyau ba zai ji wani sauƙin da bai da shi jiya ba. Aikin ba ya ƙara masa lafiya ko kaɗan. Hana fashewa kawai yake yi. Ke nan ana ɗaukar haɗarin yau ne don a kauce wa na baɗi da na baɗin baɗaɗa, kuma duk lissafin a kan wannan cinikin yake.

Yaushe cinikin ke da riba? An gwada. A Birtaniya an ɗauki mutum 1,090 masu kumburi tsakanin santimita 4 da 5.5, aka yi wa rabi aiki nan take, aka bar rabi ana bin su da hoto. Sakamakon ya fito a 1998: waɗanda aka gaggauta wa aiki ba su fi sauran tsawon rai ba. Amurka ta sake gwadawa da tsofaffin sojoji 1,136, ta fitar da nata a 2002, magana ɗaya. Dalilin shi ne ƙaramin kumburi ba ya yawan fashewa, wajen mutum 1 cikin 100 ne a shekara, alhali aikin kansa yana iya kashe fiye da haka. Daga nan aka tsayar da iyakar santimita 5.5 ga maza. Mata a 5 ake fara yi musu maganar, domin jijiyarsu ta fi siriri kuma tasu ta fi saurin fashewa. Ana kuma shiga da wuri idan kumburin ya ƙaru da fiye da santimita 1 cikin shekara, ko ya fara ciwo.

Na Baba 6.2 ne, ya ƙetare iyakar. Wani bincike na 2002 a kan waɗanda ba a yi wa aiki ba ya sami cewa tsakanin santimita 6 da 6.9 kusan mutum 1 cikin 10 ne tasa ke fashewa a shekara, daga 7 zuwa sama kuma kusan 1 cikin 3. Binciken da ya biyo baya ya kawo adadin ƙasa da haka. Ki ɗauka dai ba abin da za a ruga da shi asibiti a daren yau ba ne, amma kuma ba abin da za a ce a bari sai bayan babbar Sallah a sake zama ba ne. Makonni ake magana. A Birtaniya ma mai kumburin da ya kai 6 sai ya sanar da hukumar lasin tuƙi, idan ya kai 6.5 a hana shi tuƙin. Idan kuwa ta fashe, wajen mutum 8 cikin 10 ba sa tashi, da yawa ma kafin a isa asibiti, kuma wannan lissafin ƙasashen da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida cikin mintoci ne. Ki kwatanta da a ce ƙarfe biyun dare ne a cikin lungun Gwale, ana neman mai Adaidaita Sahu, sannan a fara neman masu ba da jini.

Shahararren masanin kimiyyar nan Albert Einstein wannan ciwon ne ajalinsa. A ƙarshen 1948 likita Rudolph Nissen ya buɗe cikinsa, abin da ya iya yi a zamanin shi ne ya naɗe kumburin da wata irin leda don bangon ya yi kauri. Ya rayu har Afrilun 1955, ta fashe yana da shekara 76, aka ba shi shawarar a sake shiga, ya ce ya gode. Tsakanin waɗannan shekarun ne, a 1951, wani likita Charles Dubost ya fara cire irin wannan kumburin a jikin wani majinyaci, ya maye gurbinsa, a birnin Faris. Aikin da ake yi ta buɗe ciki a yau jikan wannan ne.

Ga yadda yake. Ana sa mutum barci gaba ɗaya, a tsaga ciki daga ƙasan ƙirji zuwa mara, ko ta kwiɓi. A kawar da hanji gefe, a matse jijiyar sama da ƙasa da awartakin tiyata, a tsaga kumburin, a ɗinka bututun yadi mai ƙwari a ciki, sannan a rufe tsohon bangon a kansa. Wurin da tsoho ke shan wuya shi ne matsewar nan da sakewar. Da an matse, zuciya na tura jini ne a kan rufaffiyar ƙofa, nauyi ya hau ta. Da an saki, jini ya kwarara ƙafafu, awon jini ya faɗi. Zuciyar ɗan shekara 60 kan jure wannan lilon, ta ɗan 80 da jijiyoyinta suka cushe ba kullum ba. Shi ya sa abin da ya fi kashe mutane bayan wannan aikin bugun zuciya ne, ba ɗinkin ba. Bayansa akwai ciwon huhu, da ƙoda ta tsaya har a kai ga wankin ƙoda, da wani yankin babban hanji ya rasa jini. Ana buƙatar ledojin jini a ajiye da gado a sashen kulawa ta musamman. Kwana 7 zuwa 10 a asibiti, wata 2 zuwa 3 kafin ƙarfi da cin abinci su dawo, wani tsohon ma ba ya komawa daidai yadda yake. Amma wanda ya tsallake, galibi ya gama da maganar har ƙarshen rayuwarsa. Ɗinki ne da hannu, ba ya zamewa.

Akwai abu ɗaya da nake faɗa wa iyali tun kafin a shiga, don na ga yadda yake tayar da hankali: tsoho kan ruɗe bayan babban aiki. Ya kasa gane 'ya'yansa, ya yi ta sambatu cikin dare, ya fizge robar ruwa. Sai a fara raɗe-raɗin iska ko jifa. Ruɗewar ƙwaƙwalwa ce da ciwo da magani da rashin barci ke kawowa, kuma yawanci tana wucewa. Fuskar da ya sani a gefen gado, da tabaransa, da carbinsa, da a riƙa gaya masa ranar da ake ciki da lokacin salla, suna taimakawa ƙwarai.

Hanya ta biyu ita ce wadda nake zaton 'yan'uwanki suka ji labari, wadda ake cewa ba yanka. A takarda za ki ga an rubuta EVAR. Nikolai Volodos a Yukuren da Juan Parodi a Ajantina ne suka buɗe wannan hanya, na biyun ya yi nasa na farko a 1990. Ana huda jijiyar gindin cinya dama da hagu, a zura bututun yadi mai ragar ƙarfe, a naɗe kamar lemar da ba a buɗe ba, ana kallon tafiyarsa a na'urar hoto. Idan ya isa sai a buɗe shi. Siffarsa ta wando ce: ƙugu ya kama jijiyar a ƙasan ƙoda, ƙafafu biyu su shiga rassan da suka nufi cinyoyi. Jini ya koma bin cikin wandon, kumburin ya huta. Ba a matse jijiya, ba a taɓa hanji, wani lokaci ma da allurar kashe wuri kawai ake yi. Kwana 2 ko 3 mutum ya koma gida.

Sai dai wando yana buƙatar ƙugun da zai kama. Dole a sami lafiyayyen yanki tsakanin jijiyoyin ƙoda da farkon kumburin, aƙalla santimita 1 zuwa 1.5, wanda bai karkace sosai ba, kuma jijiyoyin cinya su zama da faɗin da na'urar za ta wuce. Ba kowa ke da wannan ba. Sannan ba a ɗinke yake ba, dafewa kawai ya yi, jijiya kuma tsufa take ci gaba da yi tana buɗewa. Bayan shekaru ƙugun kan yi sako-sako, wandon ya zame, ko jini ya samo hanya ta gefe ko ta ƙananan jijiyoyin baya ya koma cika tsohon kumburin. Wannan yoyon ba ya ciwo, ba ya nuna alama. Hoto ne kaɗai ke kama shi. Shi ya sa wanda aka yi wa wannan aikin yake yin hoton siti (CT, na'urar hoton da ake zura mutum a cikinta) wajen wata guda bayan aiki, daga nan kuma hoton ciki kusan kowace shekara har ƙarshen rai.

An gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa a Birtaniya, a kan mutum 1,082 masu shekara 60 zuwa sama da jikinsu ke iya ɗaukar kowanne. A 2004 aka ga cewa cikin kwana 30 na farko, kashi 1.7 cikin 100 ne suka rasu a ɓangaren zura bututu, kashi 4.7 a ɓangaren buɗe ciki. Bambanci ne babba. Amma da aka ci gaba da bin su, ratar ta rufe cikin 'yan shekaru, masu bututu suka fi komawa gyara, kuma rahoton shekara 15 da ya fito a 2016 ya nuna cewa bayan shekara 8 masu buɗe ciki ne suka shige gaba, saboda wasu masu bututun tsohon kumburinsu ya fashe. Abin da na ɗauka daga nan: ɗan shekara 62 mai ƙarfi, buɗe ciki ya fi masa, domin yana da doguwar tafiya a gaba. Ɗan 78 ko 82 kuwa, ribar da ke kusa ta fi masa amfani da asarar da ke can bayan shekara 8, don haka bututu ne zaɓin farko idan siffar jijiyar ta yarda.

Su kuma masu cewa a bar shi, akwai inda suke da hujja mai ƙarfi, kuma ba na son a raina ta. A lokacin wancan gwajin na Birtaniya dai an ware mutum 338 da aka ga jikinsu ba zai ɗauki buɗe ciki ba saboda ciwon zuciya ko huhu ko ƙoda. Aka zura wa rabi bututu, aka bar rabi. Bayan shekara 4 kusan mutum 2 cikin 3 sun rasu, kuma babu bambanci tsakanin ɓangarorin. Yawanci ba kumburin ne ya ɗauke su ba, sauran cututtukan ne. Don haka idan tsoho ba ya iya zuwa banɗaki sai da haki, ko mantuwa ta yi nisa, ko yana fama da ciwon daji da ya bazu, ko likitoci na ganin da wuya ya wuce shekara 2 zuwa 3, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Barin aiki a irin wannan hali ba sakaci ba ne, ba kuma rowa ba ce. Magani ne shi ma, kuma sau da yawa ni da kaina nake ba da shawararsa.

To Baba a wane layi yake? Zuwa masallaci da ƙafa alama ce mai kyau, amma ina son ƙarin bayani, kuma ke za ki fi kowa sani. Masallacin ƙofar gida ne ko yana taka tafiya mai nisa zuwa Juma'a? Yana hawa bene hawa biyu ba tare da ya tsaya ya huta ba? A tsaye yake salla, yana tashi daga sujada ba tare da ya dafa bango ba? Yana kwanciya a miƙe ko sai an tara masa matasai? Ƙafarsa na kumbura? Ya rame a shekarar nan, riguna sun yi masa yawa? Ya taɓa faɗuwa? Shi ke riƙe lissafin kuɗinsa? Amsoshin nan sun fi takardar haihuwa faɗin gaskiya, balle ma shekarun da yawa daga cikin iyayenmu ƙiyasi ne, ana cewa an haife shi kafin zuwan Sarauniya ko zamanin Sarki Alhaji. Na ga ɗan 83 da ya fi ɗan 68 ƙwari. Bayan wannan sai gwaji: awon bugun zuciya da hoton zuciya, gwajin numfashi tunda ya sha taba, gwajin ƙoda, yawan jini da suga. Sai uwa uba hoton siti na jijiyoyi, wanda ake ɗura ruwa a jijiya don ta fito sarai. Hoton cikin da aka yi masa faɗi kawai ya nuna. Siti ne zai nuna ƙugun da rassan, kuma babu likitan da zai iya faɗa muku irin aikin da ya dace, ko kuɗinsa na gaskiya, bai gan shi ba. Ruwan hoton yana iya taɓa ƙodar tsoho, don haka a auna ƙodar tukuna, musamman shi da matsalar fitsari ta kai shi asibiti tun farko. Duk waɗannan ana yin su a nan Kano. Ku nemi a tura shi ga likitan tiyatar zuciya da jijiyoyi ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a fara daga nan kafin a taɓa maganar biza.

Yanzu maganar fita waje, inda na fi son ki kasa kunne. Ba na hana kowa zuwa Indiya ko Masar, ko Legas da Abuja. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki aikin bututu kamar sayen kaya: a biya, a sa, a dawo, a yi walima. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka yi wa aikin a wata ƙasa. Shekaru sun wuce ba a sake yi masa hoto ko sau ɗaya ba, domin 'ya'yan sun fahimci an gama. Babu faifan hoton farko, babu takardar da ta nuna irin bututun da girmansa, sai rasit. Da muka duba, kumburin ya fi yadda yake kafin aikin. Kuɗin gida guda aka kashe, aka dawo inda aka taso. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a sami likita a Kano da ya yarda zai riƙa bin Baba, a kuma san inda za a nufa idan hoto ya nuna yoyo, da kuɗin da za a koma da shi. Idan wannan ba zai yiwu ba, kuma gwaji ya nuna Baba na da ƙarfi, to buɗe ciki a hannun wanda ya saba ya fi bututun da babu mai dubawa. A kula kuma da dillalan asibiti, waɗanda kamasho suke ci a kan kowane maras lafiya: wanda ya yanka muku farashi ta WhatsApp bai nemi hoton siti ba, ciniki yake yi.

Ko a ina ne, ku tambayi likitan kai tsaye, ba rashin kunya ba ne: irin wannan aikin nawa kuke yi a shekara, nawa ne ba su tashi ba? Ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta ba da shawara a 2018 cewa a yi shi a asibitin da ke yin aƙalla 10 a shekara, inda masu rasuwa ba su wuce kashi 5 cikin 100 a buɗe ciki ba, kashi 2 a bututu. Sabo ne ke ceto a wannan aikin, kuma ba na mai wuƙa kaɗai ba, har da mai sa barci da nas ɗin dare. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar.

Kafin a kai ga yanke shawara, ga abin da ke hannunki. Maganin hawan jini kada ya tsallake rana, a riƙa aunawa a gida ana rubutawa. Ki tambayi likitansa game da maganin rage kitsen jini da asfirin, domin mai wannan kumburin jijiyoyin zuciyarsa ma abin dubawa ne. Taba ko ɗaya, ko ta hanci. Ya ci gaba da tafiyarsa da sallarsa, kada a kwantar da shi a ɗaki a mayar da shi majinyaci, domin zaman nan cinye ƙarfin da ake buƙata ranar aiki yake yi. Ɗaukar kaya mai nauyi ne kawai zai bari. Sai abu biyu da suka shafe mu musamman. Na farko, maganin kashe ƙwayoyin cutan nan sifro (ciprofloxacin) da danginsa, wanda ake saye a kemis da an ce taifod ko ciwon sanyi: a Disambar 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wannan jinsin maganin yana ƙara haɗarin tsagewa ko fashewar awota ga masu kumburi. Mai matsalar fitsari kamar Baba shi aka fi rubuta wa, don haka duk wanda zai ba shi magani a gaya masa. Na biyu, idan aka ji wani abu na harbawa a saman cibiyarsa, kada a bari wanzami ya yi ƙaho ko sakiya a wurin, kada kuma a kai shi ga mai tausa. Umara ko wata doguwar tafiya a dakata har a san matsaya. Ba jirgin ne abin tsoro ba, nisa da asibitin da ya san shi ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa a gidan ya san alamar: ciwon ciki ko baya ko kwiɓi mai tsanani da ya zo farat ɗaya, wani lokaci yana sauka gindin cinya, da gumi, da jiri ko suma. A nan gida da an ce ciwon baya sai a ce basir ne ko sanyi, a kawo jiƙo. A asibiti ma yana kama da tsakuwar ƙoda. Ga Baba, duk irin wannan ciwon fashewa ne har sai hoto ya ce ba haka ba. Kada a ba shi abinci ko ruwa, kada a kira mai sa ƙarin ruwa a gida, domin ɗaga awon jini da ruwa yana iya ɓalle gudan jinin da ya toshe ɓarakar na ɗan lokaci. A wuce babban asibiti kai tsaye, a faɗa tun a bakin ƙofa cewa yana da kumburin awota santimita 6.2. Takardar hoton ta zauna a aljihunsa, kwafi a wayar kowa, a kuma san rukunin jininsa da waɗanda za su iya ba shi.

A wasiƙarki na ji ra'ayin 'yan'uwanki, ban ji na Baba ba. Mun saba mu ja likita gefe mu ce kada a gaya wa tsoho, hankalinsa zai tashi. Niyyar mai kyau ce, amma mutumin da ya aurar da ku, yake kai kansa masallaci, ba a yanke masa hukuncin tsaga ciki a bayan idonsa. Ku sami wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko ƙaninsa ko limamin unguwa, a zauna da shi da likita, a yi masa bayani da Hausa. Wasu dattawan kan ce a yi, sun dogara ga Allah. Wasu kan ce sun gode, abin da suke tsoro ba mutuwa ba ce, kwanciyar da sai an juya su ce. Duka biyun amsa ce ta mai hankali, kuma neman magani da barinsa bayan an fahimta babu wanda ya saɓa wa tawakkali. A tambaye shi har da wannan: idan ya zaɓi a bar shi, sannan ta fashe, yana son a shiga da shi tiyatar gaggawa ko a'a? Gara a ji daga bakinsa yanzu da a tsaya ana musu a farfajiyar asibiti.

Idan kin tambaye ni inda na karkata bisa abin da kika rubuto, mai shekara 78 da ke tafiya da ƙafarsa, hankalinsa garau, da kumburi 6.2, ina ganin mutum ne da ya cancanci a yi masa aiki, muddin zuciya da ƙoda suka ba da hanya, kuma bututu zan fara dubawa idan siti ya nuna ƙugu mai kyau kuma an tsara mai bibiya a Kano. Su kuma masu gardamar, duk wanda ya haura shekara 50 a cikinku, da ƙannen Baba, musamman maza masu shan taba, su je a yi musu hoton ciki sau ɗaya, su ce a auna musu faɗin awota. Bai fi minti goma ba, kuma irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce.